Kada ka tsaya a kan "ya yi daɗi": yadda nake rubuta abin da littafi ya yi mini

Bayan sallar layya ƙanwata ta dawo mini da wani littafi da na ara mata. Na ce, "To, ya kika gan shi?" Ta ce, "Wallahi Yaya, ya yi daɗi." Na ce wane wuri ne ya yi daɗin? Ta juya littafin gaba da baya, ta yi ɗan shiru, ta ce, "Ya dai yi daɗi." Kwana huɗu ta yi tana fama da shi, har miya ta kama mata a kan murhu saboda shi, kuma na ga idonta ranar da ta kai tsakiyarsa. Amma duk abin da ya motsa mata a rai, kalma uku kawai suka rage a bakinta. Abin ya tsaya mini.

Ni malamar firamare ce a nan Kusseri, a arewacin Kamaru. Littattafaina wasu daga Marwa ake kawo mini, wasu nakan haye gadar Ngeli in shiga Njamena in tsinto wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, na Hausa kuma yawanci ta waya suke zuwa yanzu. Shekara tara ke nan duk littafin da na karanta sai na rubuta abin da ya yi mini. Ba daga makarantar boko na koyi wannan ba. A akwatin kakanmu na gani. Ahalarinsa da Risalarsa duk gefen shafukansu cike suke da ƙananan rubutu na ajami: ma'anar kalma, abin da malaminsa ya ƙara, wani lokaci tambaya kawai. Ya rasu ina ƙarama, amma idan na buɗe littattafan sai in ji kamar ina zaune kusa da buzunsa ina jin inda karatu ya yi masa tsauri. Ga yadda nake yin nawa, ko wani zai ga abin ɗauka.

Kayan aikin ba su da yawa. Kaye, wato littafin rubutu, mai shafi 200 irin na 'yan makaranta, bik, wato biro, da fensir. Ka yi rubutun da bik, kada ka yi da alƙalami mai tawadar ruwa. Na koyi wannan a ambaliyar 2022, lokacin da kogin Logon ya cika ya shigo unguwanni. Kaye biyu nawa suka jiƙe: wanda na rubuta da bik ya bushe, shafukan sun yamutse amma ana karantawa; ɗayan kuwa tawadar ta narke, rubutun shekara guda ya zama shuɗin tabo. Yanzu kowane kaye yana cikin leda, ledar tana cikin kwalla mai murfi a saman sif, saboda gara ma ba ta raga wa takarda. In na cika shafi goma sai in ɗauki hotonsu da waya.

Me ya sa ban rubuta a wayar kai tsaye ba? Domin a cikinta saƙonni suke shigowa, kana tsakiyar tunani wani zai turo maka gaisuwa ya tafi da tunanin. Ga kuma wuta da ake ɗaukewa a lokacin zafi, caji ya ƙare. Takarda ba ta katse maka magana.

Kowane littafi shafi biyu nake ba shi, masu kallon juna. A saman na dama nakan sa sunan littafin, marubucin, harshen da aka rubuta shi, inda na same shi, ranar da na fara da ranar da na gama. Kwanan watan nan kada ka raina shi. Shi zai nuna maka nan gaba wace irin rayuwa kake ciki lokacin da ka ji abin da ka ji. Shafin dama na littafin ne: me ya ce, a wane shafi. Na hagu nawa ne: ni me na ce. Duk sirrin aikin yana cikin raba waɗannan biyun, domin da yawanmu idan aka ce mu faɗi ra'ayinmu sai mu ɓige da sake ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, mu tashi ba mu faɗi komai namu ba.

Lokacin karatu kuwa, ba na tsayawa rubutu mai tsawo, don yana kashe daɗin. Alama kawai nake yi da fensir a gefe. Ɗigo, inda na ajiye littafin na yi shiru ba tare da na yi niyya ba. Layi, inda na ji ina tsallake sakin layi don ya gundure ni. Alamar tambaya, inda raina ya ce anya kuwa. In littafin aro ne, kada ka taɓa shi da fensir ma. Yanka tsohuwar takarda ƙanana-ƙanana ka riƙa sakawa a tsakanin shafuka, ka cire kafin ka mayar. Na waya kuma ɗaukar hoton allo nake yi. Ɗigon nan shi ne mafi daraja. Jikinka yakan riga kanka sanin inda littafi ya taɓa ka.

Da ka gama, rubuta a daren. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kada ka tambayi kowa tukuna, kada ka nemi abin da aka ce a kansa a intanet. Ra'ayin wanda ya fi ka iya magana yana da nauyi, in ya riga naka shiga kunnenka zai danne shi, ka wayi gari kana maimaita maganar wani kana zaton taka ce. Ko layi biyar ne ka rubuta, ko da Hausa ce haɗe da Faransanci da Larabcin kasuwa kamar yadda muke magana a nan. Ba mai duba maka kuskure. Ka bar rabin shafin hagu babu komai, domin za ka dawo.

Littafin ƙirƙira shi ne inda aka fi yaudarar kai, don haka zan daɗe a kansa.

Tambayar farko da nake yi wa kaina ita ce: bayan wa na goya, kuma a ina na sauya? Littafin da na ara wa ƙanwata na Djaïli Amadou Amal ne, 'yar Marwa. Ya fara fitowa a 2017 da suna Munyal, wato haƙuri da Fulatanci, aka sake buga shi a Faransa a 2020 da suna Les Impatientes, kuma a shekarar ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare. Mata uku ne ke ba da labarinsu ɗaya bayan ɗaya: biyu 'yan mata da aka yi wa auren da ba sa so, ta ukun kuma uwargidan da aka kawo wa ɗaya daga cikinsu a matsayin kishiya. Tun daga farko na riga na shirya ƙin uwargidan. Da na kai kashi na uku, ita da kanta ta karɓi magana, sai na tarar da ɗigon fensirina ya fi yawa a can. Ban yarda da abin da ta aikata ba, amma tsoronta na san shi. Na gan shi a fuskar wata goggona ranar da ake jera kayan ɗakin amarya a gidanta, tana murmushi tana raba goro, hannunta yana rawa. Wannan na rubuta a shafin hagu. Ba ya cikin littafin, amma littafin ne ya tono shi, kuma shi ne ainihin abin da karatun ya ba ni.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya: in littafi ya ba ka haushi, daga ina haushin ya fito? A daren da na gama, abin da na rubuta fushi ne. Na ce Turawa za su karanta wannan su ɗauka duk gidajenmu haka suke, alhali na san gidaje da yawa na Fulani da na Hausawa da ake zaman mutunci. Bayan mako guda na dawo wa rabin shafin da na bari, na tambayi kaina: ƙarya ta yi ne, ko kuwa gaskiyar da muke rufewa ta fitar waje? Sai na tuna daren da aka kai ni ɗaki, tsofaffi suka zagaye ni, kowace ta buɗe baki "haƙuri" take cewa, yi na yi bari na bari. Ba wadda ta gaya mini inda haƙuri ya kamata ya tsaya, ko ƙofar wa zan buga idan ya ƙare. Allah ya sa na dace da miji, amma ba duka muka dace ba. Na rubuta duka biyun, ban goge na farko ba. Har yanzu ina ganin damuwata ta farko tana da tushe, littafi ɗaya ba zai wakilci al'umma ba. Sai dai rabin fushina kunya ce, kuma ba don na dawo na sake dubawa ba da ban gane ba. Saboda haka kada ka taɓa yage abin da ka rubuta da farko. Ka sa kwanan wata ka ƙara a ƙasa.

Akwai kuma bambanci tsakanin littafin da ya ja ka da wanda ya zauna maka. Kwanakin baya na karanta wani labarin soyayya na marubutan Kano a waya, ban runtsa ba sai da aka kira assalatu. Marubuciyar ta iya yanke babi daidai inda ba za ka iya ajiyewa ba, kuma hirar uwa da 'ya a ciki kamar a tsakar gidanmu aka yi ta. Na yaba wannan a rubuce. Amma layukan fensirina, wato hotunan da na ɗauka na inda na tsallake, duk wurin lissafin motoci ne da kujeru da lefe. Bayan sati biyu na nemi sunan jarumar a kaina na rasa. To na rubuta haka: ya ja ni ƙwarai, bai zauna ba. Wannan ba zagi ba ne. Akwai daren da irin wannan littafin mutum yake buƙata. A ƙasan shafin nakan tara kalmomin Hausar Kano da ba ma amfani da su a nan, domin tamu ta sha Larabci da Fulatanci da Faransanci, kuma ina son yarana su san duka.

Wanda ka kasa gamawa ma ka ba shi shafinsa: a shafi na nawa ka tsaya, me ya tsayar da kai. Wani lokaci laifin littafin ne, wani lokaci zafin Afrilu ne da gajiyar aiki.

Littafin da ba ƙirƙira ba, na tarihi ko na binciken wani al'amari, tambayoyinsa daban ne. A nan ba "ya taɓa ni?" kaɗai ake tambaya ba, har da "ta yaya ya sani?" Abin da nake yi kafin in buɗe shi: in rubuta duk abin da na riga na sani ko na ji game da batun. In ba ka yi haka ba, kana gamawa sai ka ji kamar dama can ka san komai, ba za ka iya nuna abin da ya ƙara maka ko ya rushe maka ba.

A damina na karanta wani littafin Faransanci kan yadda Faransa ta ci ƙasar Cadi. Kafin in fara, abin da na rubuta kaɗan ne: Rabe mayaƙi ne, ya addabi Barno, an kashe shi a garinmu, kuma kakata idan za ta ce abu ya tsufa sai ta ce "tun zamanin Rabe". Shi ke nan. Shafin dama kuwa ya cika. Rabe daga Sudan ya fito, ya ci Bagirmi, ya ci Barno a 1893, ya rusa Kukawa ya kafa hedkwatarsa a Dikwa. Rundunonin Faransa uku suka nufo tafkin Cadi: ɗaya ta keto Sahara daga Aljeriya, ɗaya ta hauro daga Kongo, ɗaya ta biyo ta yamma. Suka haɗu a nan, aka gwabza ranar 22 ga Afrilu 1900. Aka kashe Rabe aka sare kansa, kwamandan Faransa Lamy shi ma ya mutu a ranar. Da sunansa aka kira garin da suka kafa a tsallaken ruwa Fort-Lamy, sai a 1973 aka mayar da shi Njamena.

Ɗigona mafi girma ba a wurin yaƙin ya faɗa ba. A kan rundunar yamma ya faɗa, ta Voulet da Chanoine, wadda ta ratsa ƙasar Hausa a 1899 tana ƙone garuruwa, har da Birnin Konni. Na ajiye littafin na fita tsakar gida. Hanyar da suka bi ba ta da nisa da wadda kakanninmu suka biyo da niyyar zuwa Makka a ƙasa, wasu suka yada zango a bakin kogin Shari ba su ƙara gaba ba. Ban taɓa haɗa tarihin garin da aka haife ni da na ƙasar da asalina yake ba sai a wannan daren.

Alamar tambayata kuma ta taru a wuri ɗaya. Hafsoshin Faransa kowa da sunansa da garinsu. Sojojin Afirka da suka yi musu yaƙin, adadi kawai. Kotoko, masu garin, waɗanda aka yi yaƙin a ƙofar gidansu, kusan ba a ji muryarsu ba. Ba sai na ce marubucin mugu ne ba. Na duba ƙarshen littafin na ga daga ina ya ɗebo: rahotannin soja da wasiƙun hafsoshi. Wanda ya ɗebi ruwa daga rijiya ɗaya, ɗanɗanonta zai kawo. Don haka a irin wannan littafi ka koyi raba abu uku: abin da marubuci ya kawo da hujja, abin da ya ji an ce, da abin da yake ganinsa ne kawai. Ni harafi nake sa wa kowanne a gefe. Sannan ka nemi wata rijiyar. Na je gaida wani dattijo Kotoko maƙwabcinmu, na durƙusa na ce, "Baba, me iyayenku suka ce game da Rabe?" Ya yi kusan awa guda yana magana. Abin da ya faɗa na rubuta shi a shafi na daban, na sa a sama cewa daga baki ne, domin shi ma ji ya yi, kuma baki yana ƙari yana ragi kamar yadda alƙalami yake yi. Kunne ya girmi kaka, amma ba a ce kunne ba ya kuskure ba.

Lambobi kuma, duk inda ka gan su ka rubuta shekararsu a kusa. Na karanta wani ɗan littafi kan tafkin Cadi da ya ce daga faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Gaskiya ne, amma wannan raguwar ta biyo bayan farin shekarun 1970 da 1980 ne. Littafin ya yi maganar kamar jiya aka auna, kamar gobe tafkin zai ƙafe. Ni kuwa ruwan Shari da Logon, waɗanda su ne ke kai wa tafkin mafi yawan ruwansa, sun shigo mini ɗaki a 2022, sun sake cika a 2024. A shafin hagu na rubuta: adadin daidai ne, shekarar ce aka ɓoye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ka gani da idonka a ƙasarku hujja ce da kake da ikon ajiyewa kusa da ta marubuci, muddin ba ka ɗauke ta ta zama ita kaɗai ba.

Littattafan addini ba na haɗa su da waɗannan. Kayensu daban, kuma abin da ke cikinsa yawanci tambayoyi ne da nake kai wa malamarmu ta islamiyya.

Sai maganar gaya wa mutane. Bayan ka rubuta sau biyu, na daren farko da na bayan mako, a lokacin ne ya dace ka buɗe baki. Jimla uku sun isa: littafin a kan me yake, me ya yi maka, wa kake ganin zai amfana da shi. Kada ka tona ƙarshen labari. In za ka kushe, kushe aikin ka nuna shafin, ka bar mutuncin marubucin. Wadda ta rubuta labarin soyayyar can wataƙila da dare take bugawa da babban yatsa bayan yara sun yi barci. In za ka yaba ma ka nuna shafin. Kuma ka duba wa za ka ba. Littafin Amal ban ba wata ƙawata da ke cikin rikicin aure ba tukuna, na bari sai ƙura ta lafa.

Ƙanwata kuwa na saya mata kaye da bik, na mayar mata da littafin na ce ta sake duba wuraren da ta tuna ta yi shiru. Bayan kwana shida ta shigo da magariba, ta zauna a bakin tabarma tana riƙe da kayen a ƙirji. Layi bakwai ta rubuta. Ta ce, "Yaya, ashe ba mazan ne suka fi ba ni haushi ba. Iyayen mata ne, da suka ga komai suka yi shiru." Na ce wane shafi? Ta buɗe ta nuna mini. Na ɗauko nawa kayen daga cikin kwalla, muka jera su a ƙarƙashin fitila. A wurin da ta sa ɗigo uku, ni ko ɗaya ban sa ba. Muna nan muna jayayya a kan uwar ɗaya daga cikin 'yan matan littafin har aka kira isha'i.